Josh Gibson ya sha gaban Ty Cobb bayan shekara 77 a kabari, kuma ni dai na ce daidai ne

A ƙarshen watan Mayun 2024 hukumar babbar gasar besbol ta Amurka, wato MLB, ta buɗe littafin rikod ɗinta ta zuba sunayen 'yan wasa sama da 2,300 da a da ba sa ciki, dukkansu mutanen da suka buga a lig-lig ɗin baƙaƙen fata tsakanin 1920 da 1948. Washegari aka wayi gari Ty Cobb, farar fata, wanda ya kwashe kusan shekara ɗari yana zaune a saman jerin gwanayen dukan ƙwallo, ya koma na biyu, wani ɗan wasan lig ɗin baƙaƙe mai suna Josh Gibson ya hau kansa. Wasu masoya wasan sun yi ta kumfar baki wai an taɓa musu tarihi. Ni kuwa tun ranar nake ganin an yi abin da ya kamata, an ma makara sosai.

Ga wanda bai saba da wasan ba, abin ba wuya, mai jifa ne ke wurgo ƙwallo da ƙarfi, mai gora ya doke ta ya zura da gudu yana taka matsayi ɗaya bayan ɗaya har ya zagayo gida, idan kuma ya ɗaga ta ta ƙetare katangar fili gaba ɗaya to shi ake kira hom-ran. Amurkawa kuma ba wasan da suke wa lissafi kamar wannan, komai a rubuce yake tun ƙarni na 19. Babban ma'aunin mai gora shi ne, a cikin tsayuwa 1,000 sau nawa ya doki ƙwallon ya tsira. Wanda ya kai 300 gwani ne. Cobb ya bar 367. Gibson, da aka tattara nasa a 2024, 372.

To me ya hana a san da wannan tun farko? Ƙofa aka rufe. Babu wata doka a rubuce, kawai masu kulob-kulob ne suka haɗa baki tun wajen ƙarshen shekarun 1880 cewa ba mai ɗaukar baƙar fata, bayan kuwa a 1884 wani baƙi mai suna Moses Fleetwood Walker ya riga ya buga wa Toledo a babbar gasa. Da abin ya ishe su, a 1920 Rube Foster ya tara masu kulob na baƙaƙe a Kansas City suka kafa lig ɗin kansu, daga nan ƙungiyoyi irin su Kansas City Monarchs da Homestead Grays da Pittsburgh Crawfords suka yi tashe, suna yawo a bas gari-gari, otal da yawa ba sa karɓarsu, wani lokaci su buga wasa biyu ko uku a rana ɗaya don dai a samu na biyan albashi, amma duk shekara tun daga 1933 wasan taurarinsu a Chicago yana tara dubun dubatar mutane.

Masu ƙorafin nan suna da hujja, ba zan ce ba su da ita ba. Suna cewa kakar wasan baƙaƙen gajeriya ce, wasa 60 zuwa 80 ne na lig a shekara alhali fararen taurari irin su Cobb da Babe Ruth suna buga 154, kuma mutum ya fi saurin tara lamba mai kyau a gajeren zango. Suna cewa takardun ma ba su cika ba. Wannan gaskiya ne, shi kansa kwamitin da masanin tarihin MLB John Thorn ya jagoranta ya ce abin da aka samo wajen kashi uku ne cikin huɗu.

Amma fa a duba yadda aka samo su. Mutane ne suka kwashe shekaru suna bin tsofaffin jaridun baƙaƙe irin su Pittsburgh Courier da Chicago Defender shafi-shafi, suna neman ɗan akwatin nan na sakamako da ake bugawa a ƙasan labarin wasa, wanda ke nuna wa ya tsaya sau nawa, wa ya doka, wa ya fita. Duk wasan da ba a ga akwatinsa ba, ba a ƙirga shi ba, ko da jaridar ta ba da labarin cewa Gibson ya ɗaga ƙwallo waje ranar. Wasannin yawon neman kuɗi da ƙananan ƙungiyoyi ma an ajiye su gefe. Shi ya sa allon tunawa da shi a gidan tarihin Cooperstown yake cewa ya yi hom-ran kusan 800, amma wanda aka amince da shi a littafin bai kai 200 ba. Wanda yake son ya yi wa Gibson alfarma ai ba haka zai yi ba.

Maganar gajeriyar kaka kuwa, a 2020 da annobar korona ta zo wasa 60 kacal aka tsara wa kowace ƙungiya, kuma ba wanda ya ce a goge wannan shekarar daga littafi. Tun a 1969 ma wani kwamitin MLB ya zauna ya amince da wasu tsofaffin lig-lig na farare a matsayin manya, har da wata ta 1884 da shekara ɗaya kawai ta yi ta mutu, amma lig ɗin baƙaƙe ko tattauna su ba a yi ba. Kuma tambayar da masu ƙorafin ba sa son a yi musu ita ce, shi Babe Ruth da hom-ran ɗinsa 714, ya taɓa tsayawa gaban Satchel Paige, gwanin jifa na lig ɗin baƙaƙe, a wasan lig? Bai taɓa ba. Cobb ma haka. Idan za a sa wa lambar Gibson alamar tambaya don bai kara da farare ba, wallahi sai a sa wa tasu irinta, domin su ma rabin gwanayen ƙasar aka kawar musu daga hanya. Paige ɗin nan sai da ya kai shekara 42 kafin Cleveland ta ɗauke shi a 1948, da tsufansa ya taimaka musu suka ci kofi a shekarar, ka ga da an bar shi tun yana ɗan 25 fa?

Ƙofar ta buɗe ne ranar 15 ga Afrilun 1947, ranar da Jackie Robinson, baƙar fata, ya fito filin Ebbets da rigar Brooklyn Dodgers mai lamba 42. Shugaban kulob ɗin Branch Rickey ya zaɓe shi ne da sharaɗin duk zagin da za a yi masa ba zai rama ba, kuma Robinson ba mutum ne mai sanyi ba, a 1944 yana soja sai da aka kai shi kotun soji a Texas bayan ya ƙi komawa kujerar bayan bas, aka wanke shi. Ya haɗiye zagi, ya haɗiye taka ƙafa da takalmin ƙusa, ya zama gwarzon sabbin 'yan wasa a shekarar, ya zama gwarzon lig a 1949. Yanzu an ajiye lamba 42 a duk ƙungiyoyi tun 1997, ba a ba sabon ɗan wasa ita don girmama shi, amma duk 15 ga Afrilu kowa ita yake sawa. Wannan duk ya cancanta. Abin da ke damuna shi ne yadda ake ba da labarin kamar daga ranar komai ya gyaru. Boston Red Sox sai 1959 ta sa baƙi a fili, shekara 12 bayan Robinson. Rickey kuma ko sisi bai biya Monarchs ba da ya ɗauke musu Robinson, sai da Effa Manley mai ƙungiyar Newark Eagles ta tsaya tsayin daka kafin Cleveland ta biya ta kuɗin ɗan wasanta Larry Doby. Cikin 'yan shekaru 'yan kallo suka bi taurarin suka koma can, lig-lig ɗin baƙaƙe suka durƙushe, masu kulob da masu horarwa da masu sayar da tikiti baƙaƙe duk suka rasa abin yi, kuma sai 1975 aka samu baƙi na farko da aka ba ragamar horar da ƙungiya a MLB, Frank Robinson, shekara uku bayan mutuwar Jackie.

Ko a 1974 wutar ba ta mutu ba. Hank Aaron, wanda shi ma ya fara ne a ƙungiyar baƙaƙe ta Indianapolis Clowns, da ya matso rikod ɗin Ruth sai wasiƙu suka yi ta zuwa, wajen 930,000 a shekarar 1973 kaɗai, da yawa na fatan alheri amma cikinsu akwai na barazanar kisa, har aka haɗa shi da mai gadi, 'ya'yansa ma ana sa musu ido. Daren 8 ga Afrilu a Atlanta ya ɗaga ta 715, yana zagayawa wasu samari biyu farare suka diro daga cikin 'yan kallo suka bi shi da gudu, ashe murna suka zo yi amma a wannan daƙiƙar wa ya sani, da ya iso gida mahaifiyarsa ta rungume shi ta ƙanƙame ta ƙi saki. Duk lokacin da na kalli wannan hoton sai jikina ya yi sanyi, mutum yana kafa tarihi uwarsa tana tsoron harsashi.

Shi ya sa nake goyon bayan gyaran littafin amma ba na son MLB ta ɗauke shi kamar ta biya bashi. Ita ce ta rufe ƙofar, ita ce kuma yanzu take sayar da riguna da tikitin bikin tunawa. Abin da ya fi dacewa shi ne ta ci gaba da zuba kuɗi a neman sauran kashi ɗayan da ya ɓace, ta kula da iyalan waɗannan mutane da 'yan tsirarun da suka rage da rai, domin suna ta tafiya. Willie Mays, wanda gyaran ya ƙara masa dukan ƙwallo 10 daga zamansa a Birmingham Black Barons a 1948, ya rasu ranar 18 ga Yunin 2024, saura kwana biyu a buga wasan girmamawa a tsohon filinsu na Rickwood.

Gibson kuwa bai ga ko ɗaya daga cikin wannan ba. Ya rasu a Pittsburgh a watan Janairun 1947 yana da shekara 35, saura wata uku Robinson ya shiga Ebbets, kuma kabarinsa ya zauna babu ko allon suna har zuwa 1975.