Jona lantarki a ƙwaƙwalwa ba maganin fizgar jiki ba ne

Abin da ya hana ni sakat kwanakin nan shi ne yadda ake yayata wasu 'yan rahotannin likitoci a intanet, wai an samo maganin ciwon Tourette mai tsanani: a jona wa mara lafiya lantarki a ka, shi ke nan ya warke.

Duk wanda ya zauna kusa da mai wannan lalura ya san nauyinta. Yaro na zaune lafiya, sai ido ya hau ƙiftawa, wuya ya fizge, ya yi ihu ba da son ransa ba. Wasu har sukan doki kansu su ji rauni. Tun 1885 likitan nan na Faransa, Gilles de la Tourette, ya bayyana ciwon, kuma iyayen da suka gaji ba abin da ba za su gwada ba. Gajiyar tasu ce masu yayatawar ke cin moriya.

Rahotannin da ake dogaro da su labarin mutum ɗaya ne ko biyu. Da dama daga cikin marasa lafiyar suna fama da ciwon damuwa mai tsanani ko sandarewar jiki, waɗanda dama su lantarkin ke yi wa aiki. In damuwa ta lafa, fizga ma takan ragu. Ita kanta fizgar takan tashi ta kwanta, kuma yara da yawa sukan samu sauƙi in sun girma. To me ya nuna lantarkin ne ya yi aikin?

A 2018 da hukumar kula da abinci da magunguna ta Amurka (FDA) ta sassauta ƙa'idar na'urar jona lantarkin, sandarewar jiki da damuwa mai tsanani kaɗai ta ambata. A 2019 ƙungiyar likitocin jijiya ta Amurka ta sa horon ɗabi'a a gaba, inda ake koya wa yaro ya gane fizgar tana tasowa, ya tare ta da wani motsi daban.

Shi kuwa lantarkin ba wasa ba ne. Allurar barci, sannan a tayar da farfaɗiya da gangan, sau 2 ko 3 a mako, ga kuma mantuwar da kan biyo baya. Ɗan makaranta ne za a sa a wannan hali a kan ƙila-wa-ƙala? Wannan zalunci ne.

Masu cewa a haramta shi ɗungurungum su ma sun kauce, domin yana ceto masu damuwar da ta kai su ga daina ci da sha.

Kafafen labarai su riƙa tambayar likitoci kafin su buga, asibitoci kuma su horar da masu koyar da horon ɗabi'ar nan, tunda su ne iyaye ke nema ba su samu.