An kori almajiri, an shigar da kare

Ba ni da rigima da kowa a kan ya ajiye kare a gidansa. Gidanka ne, katangarka ce, in ka ga dama ka cika tsakar gidan da su. Rigimata da mai gidan abincin nan ne na bakin layinmu, wanda ya wayi gari ya kafa allo a ƙofa, da hoton kare yana zaro harshe, ya rubuta da Turanci wai ana maraba da karnuka. A Birnin Kebbi fa! A unguwar da ko kwalbati babu, ruwan famfo bai taɓa zuwa ba, kwandon shara kuwa sai dai fegin maƙwabcin da bai fara gini ba.

Wanda ya san hanyar Kalgo a da, ya san gonaki ne hagu da dama. Tun da aka kafa Jami'ar Tarayya a 2013, sannan kuɗin shinkafa suka shigo bayan da Shugaba Buhari ya zo garin nan ya ƙaddamar da shirin bai wa manoma rance a Nuwamban 2015, sai gini ya riƙa bin gini. Gesse ta cika, Badariya ta cika, aka nausa gaba. Mu da ƙaramin albashi ya koro daga cikin gari muka sayi ɗan fegi muka lallaɓa ɗaki biyu, sai ga masu hannu da shuni sun biyo mu da dogayen katangu da waya mai lantarki. Kowane irin gidan nan da karensa, wani biyu, wani uku. Kuma ban ga laifinsu ba a nan, don duk wanda ke jin labarin abin da ke faruwa a ƙasar Zuru da maƙwabciyarmu Zamfara ya san tsoro ya shiga zukatan mutane. To amma karen gadi a bakin ƙofa yake kwana. Wa ya ce a ɗauko shi a mota a kawo shi inda mutane ke cin tuwo?

Wurin da nake magana, da farko alheri ne gare mu. Shinkafa da miya mai kyau, kifi na Yauri, ga mai tsire a gefe da tukubarsa, ga janareta da ba ya mutuwa, yara na zuwa kallon ƙwallo. In baƙo ya sauka maka da dare ba sai ka tada maiɗaki ba. Sai wasu samari ƴaƴan manya suka mayar da shi dandalinsu. Bayan la'asar za ka ga sun fara sauka, kowa da sarƙa a hannu, wani ma babu sarƙar. Irin karnukan nan ne na waje, Alsatian da Rottweiler da wani ƙato mai gashi buzu-buzu da suke ce wa Caucasian, wanda asalinsa na ƙasashen duwatsu masu ƙanƙara ne. A garin da zafi ke haura digiri 40 a watan Afrilu, dabbar nan tana haki, dalala na zuba a kan tayil, an ɗaure ta a ƙafar tebur don a ɗauki hoto a sa a Instagram. Ko don tausayin karen ma ai ya kamata a bari.

Ga abin da na gani da idona, ba labari aka ba ni ba. Wani yaro daga cikinsu ya ci rabin shinkafarsa, ya sauke farantin ƙasa. Karen ya sa baki ya lashe tas, har yana tura farantin da hanci yana ƙara a kan tayil. Yaron shago ya zo ya ɗauka, ya ɗora a kan sauran farantai, ya wuce baya. Na tashi na bi shi, don wurin wanke-wanken ba a ɓoye yake ba. Roba biyu ce. Ɗaya ruwan omo ne da ya riga ya koma ruwan kasa, mai na yawo a sama, ɗaya ta ɗauraya. Ya tsoma a ta farko, ya goga soso sau ɗaya, ya tsoma a ta biyu, ya kife. Shi ke nan. Na ce masa, "Kai ɗana, wanga faranti ba shi ne kare ya lasa ba?" Ya ce, "Baba, ruwan ke nan, mai kura bai kawo ba tun safe." Ban ga laifin yaron ba, da jarka ake sayen ruwa a unguwar nan, kuma an ce masa ya yi tattali. Farantin nan kafin in bar wurin an zuba wa wani bawan Allah taliya a ciki.

Na nemi mai wurin. Ya fito yana murmushi, "Alhaji, lafiya dai?" Na zayyana masa. Sai cewa ya yi, "Haba Alhaji, ai waɗanga karnuka sun fi wasu mutane tsabta, da shamfu ake musu wanka. Kuma haka ake yi a Turai, a Abuja ma an fara."

Tunda Turai aka kawo, bari mu je Turan. Gaskiya ne a Faransa da Ingila akwai gidajen abinci da mashayar shayi da ke barin mutum ya shiga da karensa, in mai wurin ya yarda. Amma a Ingila doka ta hana kare kusantar inda ake girki ko ajiye abinci, kuma tun Afrilun 2016 wajibi ne a dasa wa kowane kare ɗan ƙanƙanin na'ura a ƙarƙashin fata, mai ɗauke da lambar da za a gano mai shi. In ya ciji wani, an san ƙofar da za a ƙwanƙwasa. Uwa uba, Ingila ta rabu da ciwon haukar kare a cikin karnukanta tun 1922. Amurka kuwa, da samarinmu ke kwaikwayo a komai, a yawancin jihohinta ba a shiga cikin gidan abinci da kare sam, sai irin wanda aka horar don ja-gorar makaho ko taimaka wa mai lalura. Sauran sai dai a teburan waje, a ɗaure, kuma ba sa cin abinci a kwanon mutane. Wannan duka mai gidan abincinmu bai ɗauko ba. Allon kawai ya ɗauko.

Wani maƙwabcina ya so ya mayar da maganar ta addini zalla, na ce masa a'a, kada mu ba su ƙofar da za su ce mu ƴan ƙauye ne masu ƙin dabba. Mu Malikawa ne, kuma a mazhabarmu kare mai rai ba najasa ba ne. Shari'a ta halatta ajiye shi don farauta da kiwo da tsaron gona, kuma mun taso muna ganin mafarauta da karnukansu, da Fulani a ruga da nasu. An gafarta wa mutum saboda ya shayar da kare mai ƙishi. Duk mun san wannan. Amma hadisin wanke ƙwarya sau bakwai in kare ya sa baki a ciki shi ma mun san shi, yaron makarantar allo ma ya san shi. Ko da a ce malamai sun yi saɓani kan dalilin wankin, ba su yi saɓani kan cewa mutum na da haƙƙin sanin abin da aka zuba masa abinci a ciki ba. Kana sayar wa Musulmi abinci a ƙasar Abdullahin Gwandu, ka san da yawansu ba za su yarda su ci a wannan faranti ba in sun sani, ka yi shiru ka karɓi kuɗinsu. Wannan ha'inci ne, ko da kare bai da ciwon komai.

Abin da ya sa na kasa haƙuri na zauna rubutun nan shi ne maganar almajirai. Da can in an yi sallar isha'i sukan taru a ƙofar baya da robobinsu, a juye musu ragowar abinci. Tun da samarin nan suka fara zuwa, aka ce almajirai na ɓata wa kwastomomi rai, aka sa maigadi ya riƙa korarsu da dorina. Ragowar kuma yanzu a leda ake ɗaure ta, masu karnuka su tafi da ita gida. Ɗan mutum mai yunwa yana leƙe ta waya, dabba na ciki a ƙarƙashin fanka. Yaran ba su daina zuwa ba, yunwa ba ta san dorina ba, sai suka koma raɓewa ta bayan katanga inda ake zubar da shara. Nan ne ɗaya daga cikin karnukan, da aka sake shi wai ya miƙe ƙafa, ya cafki wani yaro a sha-raɓa. Yaron bai fi shekara tara ba. Na iske shi zaune a ƙasa, wandonsa ya yage, ramukan haƙori a jere jini na tsiyaya, ƴan uwansa na barbaɗa masa ƙasa a kai. Mai karen kuwa yana tsaye yana cewa, "Ba shi cizo fa, shi ne ya ruga." Kowane mai kare a duniya haka yake faɗi. Ya zaro ƴan kuɗi ya miƙa wa maigadi, ya sa karensa a mota ya ja.

Mu muka ɗauki yaron. Wata ma'aikaciyar jinya da ke layinmu ta sa aka kawo sabulu da ruwa, ta ce a yi ta wankewa har minti 15, kada a ɗaure, kada a ɗinke. Sannan aka shiga neman allura. Wanda bai taɓa neman allurar cizon kare a garin nan da dare ba bai san tashin hankali ba. Asibitin da muka fara zuwa suka rubuta takarda suka ce mu saya a waje. Muka hau kabu-kabu, wannan kemis babu, wancan ya ƙare, wanda ke da ita kuma ya faɗi kuɗin da ya sa malamin yaron ya dafe kai. Kuma ba guda ɗaya ba ce, jeri ne: ranar farko, rana ta 3, rana ta 7, da sauran da ke biyo baya. Allurar kuma sai an ajiye ta a firij, a garin da wuta ke yin yadda ta ga dama, don haka ko ka saya zuciyarka ba ta kwanta ba. Karo-karo muka yi a masallaci.

Mutane na ɗaukar abin nan wasa. Ciwon haukar kare in ya riga ya bayyana a jikin mutum, ya fara tsoron ruwa, yana firgita da iska, kusan babu mai tashi. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta yana kashe mutum kusan 59,000 duk shekara, mafi yawansu a Afirka da Asiya, kuma kusan kashi 40 cikin 100 na waɗanda abin ke shafa yara ne ƴan ƙasa da shekara 15. Yana iya kwanciya a jiki wata biyu ko uku, rauni ya warke, kowa ya manta, sannan ya taso. Ba sai cizo ba ma, yawun karen in ya taɓa ƙurji ko ido ya isa. Hanya mafi sauƙi da za a huta ita ce a yi wa karen allura, kuma ana haɗa ta a nan ƙasar, a cibiyar binciken dabbobi ta Vom da ke Filato. Masana sun ce in aka yi wa kashi 70 cikin 100 na karnukan wuri, cutar na yankewa. Mutumin da ya iya sayen kare na dubban ɗaruruwa, yana saya masa abincin gwangwani, kuɗin allurar shekara ba za su gagare shi ba. Da muka aika a tambayi uban yaron nan mai kare katin allura, don a san ko hankali zai kwanta, sai aka ce mana Alhaji ya yi tafiya. Muka ce to a killace karen kwana 10 a ga yadda zai yi, kamar yadda likitocin dabbobi ke cewa. Washegari da yamma sai ga shi a gidan abincin, a ƙafar tebur ɗin da ya saba.

Ina duba-gari? Iyayenmu na ba mu labarin zamanin da duba-gari ke shiga gida ya leƙa randa, in ya ga ƙazanta a kai ka gaban alƙali. Yau ana buɗe gidan abinci a unguwa, masu karɓar haraji ba sa kuskuren ranar zuwa, rasit a hannu, amma babu wanda ya taɓa zagayawa baya ya ga robar wanke-wanke. Duk ranar 28 ga Satumba za a yi taron ranar yaƙi da haukar kare, a sa riguna masu rubutu, a yi jawabi a kan burin kawar da ita nan da 2030, a watse. Tsakanin wannan Satumba da waccan, karnukan unguwarmu da ake saki da tsakar dare su ne ke tare masu zuwa sallar asuba. Tsofaffi yanzu da sanda da tocila suke fita, wasu sun koma yi a gida. Ƴan mata masu zuwa Islamiyya sun canza hanya, suna zagaye ta cikin kangaye, wanda shi ma wani abin tsoron ne.

Ban ce a rufe wa kowa kasuwa ba, yaran da ke aiki a wurin ƴaƴanmu ne. Amma wanda ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski. Ka ce kana maraba da karnuka, to ware musu gefe a waje, nesa da kicin da tukubar mai tsire. Kowane kare ya shigo da sarƙa, manyan da takunkumi, a nuna katin allura a ƙofa kafin a wuce. Ka saya musu kwanonsu na daban mai launi daban, a wanke shi a wani wuri daban. In ba za ka iya ba, sauke allon. Shi kuma wanda karensa ya ciji yaro, ya biya kuɗin allura har ta ƙarshe, ya taka da ƙafarsa ya je ya ba malamin yaron haƙuri, don ba a jefa wa maigadi canji a ce an gama.

Na faɗa wa mai gidan abincin haka baki da baki, ya ce zai duba. Allon na nan, har an ƙara masa fitila mai walƙiya. Don haka mun rubuta takarda zuwa ga mai unguwa da uban ƙasa, da kwafi ga sashen lafiya na ƙaramar hukuma da ofishin likitan dabbobi. Tana wurin ladan. Duk magidancin da ke layin nan da na bayansa ya tsaya bayan isha'i ya sa hannu, ranar Litinin za mu kai ta.