Kujerar Umara ba ta cika ba in babu tafinta

Jama'a, akwai abin da ke ci mini tuwo a ƙwarya tun da muka dawo daga Umara. Muna lissafin tikiti da biza da masauki kusa da Harami, amma ba mai tambayar wa zai yi mana magana ranar da muka faɗa hannun likita ko askar, wato 'yan sandan Saudiyya.

Da mahaifiyata na je. A dare na huɗu jiri ya kwashe ta bayan ɗawafi, muka tafi asibiti. Likita Bamisire ne, nas kuma 'yar Filifin. Ni na sauke Alƙur'ani, ina jin Larabcin huduba, amma wallahi ban san yadda ake cewa hajijiya ba. Hajiya tana riƙe da hannuna tana cewa, "Ka gaya masa zuciyata ce ke tashi." Na ɗauko waya na rubuta, likita ya karanta ya nuna ƙirjinta, nan take aka fara jawo na'urar gwajin zuciya. Amai take ji. Wani bawan Allah Bahaushe mazaunin Makka, cikin masu tura keken marasa ƙarfi, shi ya leƙo ya warware maganar cikin jimla biyu. Sai da muka fito Hajiya ta ce mini, "Akwai abin da ban faɗa ba, ina zan faɗe shi gaban ɗana da wani ƙato?" Wannan maganar har yau tana damuna. Dattijuwa ta gwammace ta koma masauki da ciwonta da ta buɗe baki gaban namiji.

Masu cewa ai akwai waya, gaskiya ne Google ya sa Hausa cikin manhajar fassararsa tun 2013. To amma ku duba yadda muke kiran cuta. Shawara, ciwon daji, ciwon sanyi, basir. Kowace kalma tana da wata ma'anar a gefe, kuma mara lafiya ba shi da ƙarfin zama yana gyara wa inji kuskure. A 1980 a Florida ta Amurka an kai wani saurayi ɗan shekara 18 asibiti a sume, danginsa suka ce da Sifaniyanci "intoxicado", wato ya ci wani abu da ya ɓata shi. Aka ɗauka ƙwaya ya sha. Ashe jini ne ke zuba a ƙwaƙwalwarsa. Kafin a gane, ya shanye hannu da ƙafa, aka ƙare da diyyar dala miliyan 71.

Na 'yan sanda ya fi ba ni tsoro. Mutumin mu in ya ga kaki a ƙasar wani, duk abin da aka ce masa sai ya ce na'am, yana ganin ladabi ne. A miƙo masa takarda da Larabci ya dangwala hannu bai san me ya amsa ba. Ga goro da ake hana shiga da shi, ga ƙwayoyi irin tramadol da ke jefa mutum cikin babbar shari'a a Saudiyya, ga saƙon "don Allah riƙe mini wannan" a filin jirgi. Alhali Yarjejeniyar Vienna ta 1963, sashe na 36, ta ba baƙon da aka tsare damar ya nemi a sanar da ofishin jakadancin ƙasarsa, kuma Najeriya tana da ƙaramin ofishi a Jidda. Mutum nawa ne a jirginmu suka san haka? A bita an koya mana ɗaura harami da addu'o'in sa'ayi, ba wanda ya ambaci wannan ko sau ɗaya.

Ba na ɗora wa Saudiyya laifi duka. Hudubar Arafa ma ana fassara ta da Hausa kai tsaye. Alhazan da suka bi ta hukumar alhazai ta ƙasa, NAHCON, da hukumomin jihohi kuwa suna da likitocin gida da jami'ai masu jin yarensu. Ɗan Umara da ya bi kamfanin jirgin yawo shi ne maraya. Namu wakilin ya ajiye mu a otal, daren da na kira shi daga asibiti wayarsa a kashe.

Abin da nake nema ba mai tsada ba ne. Duk kamfanin da ya karɓi miliyoyin mutane ya ajiye tafinta biyu, namiji da mace, masu lamba a buɗe dare da rana. Makka da Madina cike suke da 'ya'yan Hausawa da aka haifa a can, Larabci da Hausa duk a bakinsu. A ba kowane matafiyi kati da Larabci mai ɗauke da cutarsa, maganin da yake sha, sunan otal, da 997 ta motar asibiti.

Na riga na sa wani malami ya rubuta wa Hajiya nata katin, na kai an liƙe shi da leda, yana cikin jakar fasfonta. Kamfanin da zai kai ta a azumi mai zuwa, in Allah ya kai mu, sai ya fara ba ni lambar mace mai tafinta kafin in biya ko kwabo.