Tsaron wani, tashin hankalin wani

Jama'a ni dai abin da na lura da shi a garin nan na Ikko, duk wanda ya tashi neman tsaro to a kan wani yake juye matsalar. Ku duba layukan unguwanni, kusan kowanne an kafa masa get na ƙarfe, goman dare an garƙame da kwaɗo, alhali gwamnatin Legas ɗin da kanta cewa ta yi kar a rufe sai sha biyu. To in mace ta fara naƙuda fa, ko gobara ta tashi? Sai a tsaya ana dukan get ana cigiyar mai makulli. Shi kuma maigadin, galibi ɗan uwanmu ne daga Arewa ko Nijar, yana wani ɗan akurkin ɗaki da tocila da gora, albashi ko wata ba ya kaiwa, in ɓarayi sun zo shi za su fara ɗaurewa, in gari ya waye kuma shi za a fara kaiwa ofishin 'yan sanda.

Maganar acaɓa ita ta fi ci min rai. Ranar 1 ga Yunin 2022 gwamnan Legas Sanwo-Olu ya hana okada a ƙananan hukumomi 6, har da Ikeja da Surulere da Apapa, wai saboda fashi da haɗurra. Ban musa ba, akwai ɓata-gari a ciki, kuma wasu yaranmu tuƙin ganganci suke wallahi. Amma yaron da 'yan bindiga suka koro daga Zamfara, ko Boko Haram daga Borno, ya karɓi mashin bashi yana biyan balas kullum, ka ƙwace ka niƙe a gaban kyamara, bashin na nan a wuyansa, gida ba ya komuwa, ina kake so ya nufa? Ku zaga Agege ko Idi-Araba da hantsi ku ga majiya ƙarfi a zaune ba aikin fari bare na baƙi.

Rundunar 'yan sanda ta SARS ma ai don maganin 'yan fashi aka kafa ta a 1992, ƙarshe matasa suka fi tsoronta a kan 'yan fashin, har aka kai ga harbin masu zanga-zangar neman a rushe ta a Lekki a Oktoban 2020.

Sai canjin kuɗi na farkon 2023, gwamnan Babban Bankin Najeriya na lokacin, Emefiele, ya ce in babu tsabar kuɗi a hannu masu garkuwa da mutane za su rasa kuɗin fansa. Mu da ke kasuwar Mile 12 mun ga yadda aka ƙare, motar tumatir ta sauka daga Kano ba mai saye, taransfa ta maƙale, mai POS yana sayar maka da kuɗinka, kwanduna na ruɓewa a rana ana kwasa ana zubarwa. Masu dajin kuwa ko a jikinsu, har yau fansa suke karɓa, wani lokacin ma da babura da buhunan shinkafa a kai.