Alƙalin da ya yanke wa Kasab hukuncin kisa, ya kuma wanke mutum biyu

Jama'a, jiya da dare gardama ta ɓarke a majalisarmu a kan ko ɗan ta'addan da aka kama da bindiga a hannu yana buƙatar shari'a. Wani abokina ya ce ɓata lokaci ne da kuɗin gwamnati, a harbe shi a nan inda aka kama shi kawai. Ban samu na ba shi amsa yadda nake so ba saboda hayaniya ta yi yawa, shi ya sa na zo nan. Amsata kuwa labarin wani alƙali ne ɗan Indiya, M.L. Tahaliyani.

Ga wanda ya manta: a daren 26 ga Nuwamba, 2008, 'yan bindiga 10 na ƙungiyar Lashkar-e-Taiba suka taso daga birnin Karachi na Pakistan ta teku suka sauka a Mumbai. Sun afka wa otal ɗin Taj, da Oberoi, da babbar tashar jirgin ƙasa ta birnin, da wasu wuraren. Kusan kwana uku ana ɗauki-ba-daɗi, mutum 166 suka rasa rayukansu. Tara daga cikin maharan an kashe su. Na goman, Ajmal Kasab, an kama shi da rai ne saboda wani ɗan sanda mai suna Tukaram Omble ya rungume bakin bindigarsa, ya sha harsasai ya mutu, amma ya ba abokan aikinsa damar danne yaron.

Tahaliyani aka ba shari'ar. Ba sabon shiga ba ne. Tun 1987 ya fara alƙalanci a matsayin majistare a Mumbai, kuma ma'abota waƙoƙin Indiya a cikinmu sun san wata shari'a da ya yi ko da ba su san sunansa ba: kisan Gulshan Kumar, mai kamfanin T-Series, wanda aka bindige a 1997. A 2002 Tahaliyani ya ɗaure Abdul Rauf Merchant rai-da-rai a kan kisan, ya sallami sauran waɗanda aka gurfanar tare da shi, ciki har da Ramesh Taurani na kamfanin Tips, saboda hujjar ba ta kai ba. Ku riƙe wannan, za mu dawo kansa.

An zauna shari'ar Kasab ne a cikin gidan yarin Arthur Road, a wata kotu da aka tanada musamman saboda tsaro. Takardar tuhuma kaɗai ta kai shafi 11,000. Matsalar farko ita ce lauya. Lauyoyin Mumbai da yawa sun ce ba za su tsaya masa ba. Da kotu ta naɗa wata lauya, Anjali Waghmare, sai fusatattun mutane suka je suka yi wa gidanta ruwan duwatsu. Daga baya alƙalin ya cire ta da kansa, domin an gano cewa ta riga ta karɓi aikin tsaya wa wani da harin ya rutsa da shi, kuma ba a cin tudu biyu. Ya naɗa Abbas Kazmi. Shi ma bayan wasu watanni suka saɓa da kotu aka cire shi, K.P. Pawar ya ƙarasa. Cire Kazmi ya jawo surutu, kuma ni kaina ban gamsu da shi ɗari bisa ɗari ba. Amma abin lura shi ne kotun ta dage cewa sai da lauya za a yi wa Kasab shari'a, a ƙasar da miliyoyin mutane ke son ganin an rataye shi washegari.

Kasab ya ce shi yaro ne, bai kai shekara 18 ba. Kowa ya san dabara ce. Duk da haka alƙalin bai yi tsaki ya wuce ba, ya sa likitoci suka auna ƙashinsa da haƙoransa, suka tabbatar ya haura. A watan Yulin 2009, ana tsakiyar sauraron shaidu, Kasab ya miƙe tsaye ya amsa laifi. Wani alƙalin da nan zai rufe littafi ya huta, jaridu su yi ta yabonsa. Tahaliyani ya sa aka rubuta iƙirarin, ya ce a ci gaba da kawo shaidu. Allah ya so da ya yi hakan, domin a watan Disamba Kasab ya lashe amansa, ya ce ƙarya aka yi masa. Da a kan bakinsa kaɗai aka dogara, da shari'ar ta shiga rububi a ɗaukaka ƙara. Sai ga shi akwai shaidu fiye da 600, da hotunan kyamara, da jami'an FBI na Amurka, da wata yarinya, Devika Rotawan, wadda aka harba a ƙafa a tashar jirgi tana shekara 9, ta shigo kotu da sandunan dogarawa ta nuna shi da yatsa.

A ranar 3 ga Mayu, 2010 aka same shi da laifi, ranar 6 aka yanke masa hukuncin kisa. Wannan ba shi ne ya sa nake girmama alƙalin ba. Ko ɗalibin shari'a aka ba wannan hujja zai kai ga haka.

Tare da Kasab an gurfanar da 'yan Indiya biyu, Fahim Ansari da Sabauddin Ahmed, bisa zargin su suka zana taswirar Mumbai suka ba maharan. 'Yan sanda sun ce sun tsinci taswirar a aljihun Abu Ismail, abokin tafiyar Kasab da aka kashe. Tahaliyani ya duba takardar, ya duba wandon. Wandon ya jiƙe da jini, takardar kuwa fes take, babu ɗigon jini, babu alamar ta sha tafiyar teku da daren artabu a aljihu. Ya kuma yi mamakin yadda mutanen da suka zo da na'urar GPS da wayar tauraron ɗan'adam za su dogara da zanen hannu, alhali intanet cike take da taswirar da ta fi wannan. Ya wanke su duka biyun.

Ku tsaya ku auna yanayin. Musulmi biyu, ana zarginsu da hannu a harin da ya girgiza ƙasar, gari ya ɗau zafi, mai gabatar da ƙara Ujjwal Nikam ya zama gwarzon talabijin. Babu wanda zai tuhumi alƙali idan ya haɗa su ukun ya ɗaure. Sakin su ne zai jawo masa zagi. Abin da ya yi a 2002 a shari'ar Gulshan Kumar shi ya maimaita: wanda hujja ta kama ya hukunta shi, wanda ba ta kama ba ya ce ya tafi. Gwamnatin jihar Maharashtra ta ɗaukaka ƙara. Babbar Kotun Bombay a Fabrairun 2011 da Kotun Ƙoli a Agustan 2012 duk suka tabbatar da hukuncin kisan, suka kuma tabbatar da wanke mutanen biyu. An rataye Kasab a gidan yarin Yerawada da ke Pune ranar 21 ga Nuwamba, 2012.

To abokina, da an harbe Kasab a bakin titi kamar yadda kake so, wa zai tsaya ya duba wannan takarda da wannan wando? Kuma shari'ar ce ta sa aka ajiye a rubuce, da hujja, daga ina maharan suka taso da su wa suka turo su.

Shi Tahaliyani an ɗaga shi zuwa Babbar Kotun Bombay a 2011, a 2015 kuma aka naɗa shi Lokayukta na Maharashtra, wato mai binciken koke-koken jama'a a kan masu riƙe da muƙaman gwamnati. A wannan shekarar ce Nikam ya fito ya faɗa wa 'yan jarida cewa labarin da ya bazu lokacin shari'ar, wai Kasab yana neman a kawo masa shinkafar biryani da naman rago a kurkuku, shi ya ƙirƙire shi, don kada mutane su fara tausaya wa yaron. Fahim Ansari kuwa wankewar ba ta fitar da shi nan take ba, saboda akwai wata shari'ar da ke jiransa a jihar Uttar Pradesh. Sai a 2019 ya koma gida.