Rufin asiri ya yi, amma wa ke biyan mai raba gardamar?

Wani labari ya ce kai rikicin saki gaban mai raba gardama, wato mutum mai zaman kansa da ma'aurata ke zaɓa ya yanke musu hukunci a wajen kotu, ya fi kotu sauri da rufin asiri. Na yarda, ba mai son a baje sirrin aurensa a bainar jama'a. Amma ga wanda ya ce sulhu ne kawai, a'a. Mai sulhu shawara yake bayarwa, wannan kuwa hukunci yake yankewa, ɗaukaka ƙara ma da wuya. Ko a Ingila da tsarin ya fara a 2012, kotu ce ke raba auren, shi mai raba gardamar dukiya yake rabawa, sai a 2016 aka ƙara batun yara. Abin da ke damuna, ma'auratan ne ke biyansa. In matar ba ta da abin hannu, mijin ya biya, wa zai tsaya mata?