Brian Orser: mutumin da zinare ya kuɓuce masa sau biyu

A watan Fabrairun 2018 na fara kallon gasar Olamfik ta lokacin sanyi, kuma 'yan matan nan na Najeriya ne suka ja ni, su Seun Adigun, da keken nan nasu mai zamewa a kan ƙanƙara. Karon farko ke nan da aka ɗaga tutar Najeriya a wannan gasa, can a Pyeongchang ta Koriya ta Kudu. Ina cikin neman bidiyonsu a waya sai na faɗa kan wani wasa daban. Mutum ɗaya ne a tsakiyar fili fari fat, takalminsa da siririyar wuƙar ƙarfe a ƙasa, kiɗa na tashi, yana zamiya yana juyi yana tsalle. Sai idona ya maƙale a kan wani magidanci da ke tsaye a bayan shinge. Duk lokacin da yaron ya tashi sama, shi ma sai ya ɗaga ƙafa, kafaɗarsa ta karkata kamar shi ne zai dira. Bayan 'yan mintuna na sake ganinsa, ya tuɓe rigar sanyi ta tawagar Japan ya sa ta Sifaniya, yana yi wa wani ɗan wasan irin wannan rawar jikin.

Sunansa Brian Orser, ɗan ƙasar Kanada. Tun ranar nake bin labarinsa, kuma yau ina so in faɗi abin da ya daɗe yana cina a rai game da shi.

An haife shi a 1961 a lardin Ontario, ya tashi a wani ƙaramin gari, Penetanguishene. Kocinsa Doug Leigh ne tun yana yaro har ya bar gasa. Shekara takwas a jere, daga 1981 zuwa 1988, babu wanda ya ƙwace masa kambun ƙasarsa. Abin da aka san shi da shi kuwa tsalle ne mai suna Aksel, wanda ya samo suna daga wani ɗan Norway, Axel Paulsen. Duk sauran tsalle-tsallen wannan wasa da baya ake tashi, da baya ake sauka. Aksel kaɗai ake tashi ana fuskantar gaba, don haka wanda aka ce ya yi mai juyi uku, a zahiri juyi uku da rabi ya yi a sama, cikin ƙasa da daƙiƙa ɗaya, sannan ya dira da ƙafa ɗaya a kan ƙarfen da kaurinsa 'yan milimita kaɗan ne. Orser ne mutum na farko da ya yi wannan tsalle a Olamfik, a Sarayebo a 1984.

To, a nan ne labarin ya fara ciwo. A wancan zamani kashi uku ake raba gasar. Akwai gajeren wasa, akwai dogo, sannan akwai wani kashi da 'yan kallo ba su damu da shi ba: ɗan wasa zai zana da'irori masu kama da lamba 8 a kan ƙanƙara da ƙafa ɗaya, ya sake bin sawunsa daidai, alƙalai su shigo fili su durƙusa suna duba layin da ya bari. Wannan kashi yana ɗauke da kashi 30 cikin 100 na sakamako. A Sarayebo, Orser ya zo na ɗaya a gajeren wasa, ya zo na ɗaya a dogo, amma a zanen da'ira na bakwai ya zo. Scott Hamilton na Amurka, wanda ya zo na ɗaya a zanen, shi ya tafi da zinare. Wato duk abin da duniya ta gani a talabijin Orser ne ya ci, abin da ba ta gani ba shi ya kayar da shi. Bayan 1990 aka soke zanen da'irar daga manyan gasa baki ɗaya. Sokewar ba ta dawo masa da komai ba.

Ya daure. A gasar duniya ya yi ta zuwa na biyu, 1984, 1985, 1986, har Allah ya ba shi kambun a 1987 a Cincinnati. Sai ga Olamfik ta 1988 ta zo gida, birnin Calgary. Ku yi tunanin nauyin da ke kansa: shi ne zakaran duniya, shi aka ba tutar Kanada ya riƙe ranar buɗe gasa, kuma ƙasar ta taɓa karɓar baƙuncin Olamfik a Montreal a 1976 ba tare da ta ci zinare ko ɗaya ba. Kowa ya zuba masa ido. Abokin karawarsa takwaransa ne, Brian Boitano na Amurka, har jaridu suka yi ta kiran abin yaƙin Brian biyu.

Na kalli dogon wasan nan na Calgary ban san sau nawa ba. Boitano ya riga shi shiga, ya yi wasan da bai taɓa yin kamarsa ba, da Aksel mai juyi uku har sau biyu. Orser ya shigo, filin ya ɗauki ihu. Wasansa ya yi kyau, ya fi na Boitano armashi a idon mutane da dama. Amma a wani tsalle ƙafarsa ta ɗan kauce wajen sauka, sannan can kusa da ƙarshe, inda ya shirya yin Aksel na biyu mai juyi uku, sai ya yi mai biyu. Shi ke nan fa. Bai faɗi ba, ko hannu bai kai ƙasa ba. Alƙalai tara ne, biyar suka zaɓi Boitano, huɗu suka zaɓe shi. Da alƙali ɗaya ya karkata, da wani labarin muke bayarwa yau. Kanada ta gama wannan gasa ma babu zinare ko ɗaya. Ku nemi hoton fuskarsa a kan dandamalin karɓar lamba, za ku ga mutum da azurfa a wuya kamar an rataya masa dutse. Shi da kansa ya sha faɗa cewa ya yi shekaru bai iya kallon bidiyon wannan dare ba.

Abin da ke ba ni haushi shi ne yadda ake ba da labarinsa yanzu. Sai ka ji an ce ai ya rama, ai zinaren da ya rasa ya same shi ta hannun ɗalibansa. Ni ban yarda da wannan magana ba. Zinaren ɗalibi na ɗalibi ne, shi ya faɗi a kan ƙanƙara sau dubbai kafin ya samu. Kuma kocin da ke neman biyan bashin ransa ta jikin yaro haɗari ne ga yaron, domin duk faɗuwar yaron zai ɗauke ta a matsayin an sake kayar da shi. A ganina darajar Orser tana wani wajen. Ya san yadda mutum ke ji idan ƙasa guda ta ɗora masa buri, ya san zafin saura ƙiris, kuma ya san ana rayuwa bayansa. Shi da Boitano ma ba su zama abokan gaba ba, bayan gasar sun yi fim na rawar ƙanƙara tare da 'yar wasan Jamus Katarina Witt. Mai ɗaki shi ya san inda yake yoyo, kuma wannan sanin ne ya kai bakin shinge.

Bai ma yi niyyar zama koci da wuri ba. Kusan shekara ashirin ya yi yana yawon wasannin nishaɗi. A 2006 wata yarinya 'yar Koriya ta Kudu, Kim Yuna, ta zo wani kulob a Toronto don mai tsara rawa David Wilson ya shirya mata wasa, daga nan aka nemi Orser ya horar da ita. Yarinyar da ƙasarta kaf ta ɗora wa ido ta faɗo hannun mutumin da ya san wannan nauyi ciki da waje. A 2009 ta zama zakarar duniya, mace ta farko da ta haye maki 200. A Vancouver a 2010, a ƙasar Kanada dai, ta tara 228.56 ta ɗauki zinare, duk da cewa Mao Asada ta Japan ta yi Aksel mai juyi uku har sau uku a gasar. Kafin ita Koriya ba ta taɓa samun lambar Olamfik a wannan wasa ba.

Ba zan ɓoye ba, rabuwarsu ba ta yi daɗi ba. Wata shida bayan zinaren, a Agustan 2010, suka rabu, kowane ɓangare ya fito bainar jama'a da nasa bayanin, kuma shi ma ya yi magana da 'yan jarida fiye da yadda ya kamata. Ban ɗauke shi waliyyi ba. Haka Evgenia Medvedeva ta Rasha, wadda ta koma wurinsa a 2018, ba ta sake kaiwa inda take a da ba, a 2020 ta koma gida.

Amma abin da ya yi bayan Kim shi ne abin da har yau nake jinjina masa. A 2011 Javier Fernández ya zo, ɗan Sifaniya, ƙasar da filayen ƙanƙararta ba su taka kara sun karya ba. A 2012 sai ga Yuzuru Hanyu daga Japan, ɗan shekara 17, yaron Sendai, wanda girgizar ƙasar 2011 ta same shi yana tsakiyar atisaye. Mu kan ce ba a sarki biyu a gari ɗaya. Orser, tare da abokiyar aikinsa Tracy Wilson, ya riƙe waɗannan biyun a fili ɗaya shekara da shekaru, kowanne yana ganin tsallen ɗan'uwansa kullum, kowanne ya san wanda zai kara da shi ke nan. A gasar duniya ta 2015 a Shanghai da ta 2016 a Boston, Fernández ne na ɗaya, Hanyu na biyu. A 2014 da 2017 kuma Hanyu ne zakara. Fernández ya ci kambun Turai sau bakwai a jere, daga 2013 zuwa 2019. Duk wanda ya taɓa riƙe yara biyu masu hazaƙa a shago ɗaya ko aji ɗaya ya san yadda kishi ke shigowa ta ƙofar da ba a zata ba. Kallo ɗaya da maigida zai fi yi wa wani ya isa.

Akwai wani dare da ba a cika magana a kansa ba, a Sochi a 2014. Hanyu ya zama na farko da ya haye maki 100 a gajeren wasa, amma a dogon ya faɗi. Ƙofa ta buɗe wa Patrick Chan, ɗan Kanada, zakaran duniya sau uku. Shi ma ya yi kurakurai, ya tashi da azurfa. Ku duba wannan lamari: Orser azurfa biyu, Elvis Stojko, shi ma ɗan Kanada, azurfa biyu a 1994 da 1998, ga Chan ya bi sahu, kuma wanda ya hana Kanada zinare a wannan karon ɗalibin Orser ne. A dare guda ɗalibinsa ɗaya ya ci zinare, ɗayan, Fernández, ya zo na huɗu da ɗan ƙaramin rata, ɗan ƙasarsa kuma yana shan irin ɗacin da ya sha a Calgary. A duk filin nan babu wanda ya fi shi sanin abin da kowannensu ke ji.

Na ƙara gane muhimmancin wannan ne a 2022, a Olamfik ta Beijing. Kamila Valieva ta Rasha, yarinya 'yar shekara 15, an samu haramtaccen magani a gwajinta, duniya ta yi mata caa, aka bar ta ta shiga fili. Ta yi ta faɗuwa, ta fito tana kuka. Maganar farko da kocinta Eteri Tutberidze ta tare ta da ita tambaya ce, me ya sa ta daina fafutuka. Shugaban kwamitin Olamfik na lokacin, Thomas Bach, ya fito ya ce abin da ya gani ya tayar masa da hankali. A wannan shekarar hukumar wasan ta duniya ta yanke shawarar ɗaga shekarun shiga gasar manya daga 15 zuwa 17. Wallahi ranar na kasa barci da wuri, ina tunanin yarinyar. Su ma can wurin Tutberidze ana samun zinare, har ma da yawa, amma 'yan matan kan ƙare tun ba su kai ashirin ba. Ɗaliban Orser biyun nan sun yi gasa har suka zama cikakkun maza, Fernández har ya kai shekara 27, Hanyu ma haka.

In koma Pyeongchang, inda na fara. Wata uku kafin gasar, a Nuwamban 2017, Hanyu ya ji rauni a idon sawu wajen atisaye, ya ɓace daga gasa gaba ɗaya, mutane da yawa sun cire rai. Ya dawo ya kare zinarensa, abin da babu namijin da ya yi tun Dick Button a 1948 da 1952. Shoma Uno na Japan ya zo na biyu. Fernández ya samu tagulla, lambar da ta kuɓuce masa a Sochi, ta farko ga Sifaniya a wannan wasa. Kafin su hau dandamali su ukun suka rungume juna a gefen fili, Fernández ya faɗa wa Hanyu cewa wannan ce Olamfik ɗinsa ta ƙarshe. Mai zinaren ne ya fashe da kuka, ya kifa kai a kafaɗar mai tagulla, yana ce masa ba zai iya ba in babu shi. Shekara 30 cif ke nan bayan daren Calgary, a wata guda, kuma duka biyun daga filin atisaye ɗaya na Toronto suka fito.